FANKON ASHANA DA KABARIN DA BA KOWA

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo ƙaramin abu ne, har wani dattijo zai iya cewa bai isa a ba shi shafi ba. Magana ce a kan fankon ashana, da gwangwanin madara, da tsinken tsintsiya, da ƙyallen da tela ya zubar. Muna roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin a ƙarƙashin wannan tarkace akwai tambayar da ta shafi kowane gida: wa yake koya wa 'ya'yanmu ma'anar Ista?

ABIN DA MUKA JI A DARMANAWA

A makon da ya gabaci Ista ta shekarar 2025 mun fita ziyarar gida-gida wajen iyalanmu da suke zaune a Darmanawa, Gyadi-Gyadi da Tarauni. A wani gida, bayan an gaisa an kawo ruwa, sai muka tambayi yara abin da ake tunawa da shi ranar Ista. Babban cikinsu, ɗan kimanin shekara goma, ya ce, "Baba Fasto, ai ranar ce ake yanka kaza, a sa sabon kaya, a kai mu Gidan Zu." Ƙanwarsa ta ce ita ta gani a wayar mamanta, ranar zomo ce mai rabon ƙwai. Aka yi dariya, amma uwar ta sunkuyar da kai. Mu ma muka ji kunya, gama yaran nan namu ne, sunansu yana cikin rajistar Makarantar Lahadi.

A wannan yammacin muka shiga wani gidan, inda wata tsohuwa ta zo daga ƙauyensu a ƙasar Rano don jinyar ido, tana zaune wurin ɗanta. Ba ta yi boko ba, ko Littafi Mai Tsarki sai an karanta mata. Da muka yi wa jikokinta tambayar nan, ba ta bari sun amsa ba. Ta ɗauki fankon ashana da yake gefen risho, ta girgiza shi a kunnen ƙaramin, ta ce, "Me ke ciki?" Yaro ya buɗe ya ce, "Kaka, fanko ne." Ta ce, "To, haka matan nan suka tarar da kabarin Yesu da asuba. Sun je da kayan ƙanshi don gawa, suka tarar ba gawa." Yaron ya riƙe fankon nan ya ƙi saki har muka fita.

Mun yi shekaru a makarantar tauhidi, mun yi wa'azin Ista fiye da sau ashirin, amma ba mu taɓa ganin wa'azin da ya shiga kan yaro da sauri kamar na tsohuwar nan ba. Gani ya kori ji. Ra'ayinmu ke nan a wannan shafi: kowane gidan masu bi ya ware makon Ista don haɗa ɗan abin tuni da hannu, tare da yara, daga ƙananan kayan da muke zubarwa, ba tare da an kashe ko naira ɗaya ba.

HALIN DA MUKE CIKI

Mu da muke zaune a wannan ɓangare na Kano mun san matsayinmu. Ba mu da yawa. Gida ɗaya a wannan layi, wani a bayan Asibitin Malam Aminu Kano, wani can wajen kasuwar Tarauni. Bayan rikice-rikicen 1991 da na 2004 iyalai da dama sun koma Sabon Gari da kewayenta, waɗanda suka rage kuwa aiki ko sauƙin haya ko zumuncin maƙwabta ne ya riƙe su. Ga yawancinmu zuwa sujada tafiya ce ta adaidaita sahu, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, akwai magidancin da ba ya iya kwashe iyalinsa duka kowace Lahadi. Wannan mako a tafi da manya, mako mai zuwa a tafi da ƙanana.

Ko yaron da ba ya fashi, awa nawa yake samu? A mako akwai awa 168, Makarantar Lahadi kuwa da ƙyar take cika awa ɗaya. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna makarantun da ba a koyar da darasin addinin Kirista. Sauran lokacin waya da talabijin ne malamansu. Ba mu manta da shekarar 2020 ba: an yi Ista ranar 12 ga Afrilu, bayan kwana huɗu aka rufe Kano saboda annobar korona, aka yi makonni ba masallaci ba majami'a. A lokacin ne kowane gida ya ga abin da ya ajiye. Gidan da ya saba addu'a tare ya ci gaba da sujada a kan tabarma. Gidan da ya jingina kome a kan fasto ya zauna shiru.

Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi, mu ɗauki darasi. Da yamma layinmu yakan cika da yara masu tafiya Islamiyya. Makarantar allo kuwa da me take koyarwa? Allo na icce, alƙalami na kara, tawada ta gawayi da ƙaro. A rubuta, a haddace, a wanke, a sāke rubutawa. Ba su jira kayan koyarwa daga ƙasar waje ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuwa riƙe wannan da gaske.

IYAYE AKA BA AIKIN

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Sa'ad da Allah ya kafa Idin Ƙetarewa, wanda a lokacinsa ne Ubangijinmu ya mutu ya tashi, a cikin gida ya kafa shi, da abubuwan da ido yake gani hannu yake taɓawa: ɗan rago, gurasa marar yisti, ganyaye masu ɗaci. Ya kuma faɗa tun da wuri cewa yara za su tambayi ma'anar abin, iyaye ne kuma za su amsa (Fitowa 12:26-27). Da Isra'ilawa suka haye Urdun, an umarce su su ɗebo duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin su kafa, domin wata rana 'ya'yansu su gani su yi tambaya (Joshuwa 4:1-7). Duwatsun kogi ne kawai, ba zinariya ba. Amfaninsu shi ne su jawo tambaya daga bakin yaro.

Timoti, wanda Bulus ya amince da shi ya ba shi riƙon ikilisiya, daga wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gāji bangaskiya (2 Timoti 1:5). Masu bi na farko ma 'yan kaɗan ne a cikin manyan birane kamar yadda muke, a gidaje suke taruwa, irin gidan Akila da Bilkisu (Romawa 16:3-5). Saboda haka ɗakin haya na ciki da falo a Darmanawa bai yi ƙanƙanta ya zama makarantar Almasihu ba.

YADDA AKE YI: FANKO TAKWAS

A tara fankon ashana guda takwas, ɗaya domin kowace rana daga Lahadin Dabino zuwa Lahadin Ista. Gidan da ya koma amfani da laita ya nemi ƙananan kwalaye na sabulu ko na shayi. A naɗe kowanne da takardar tsohuwar kalanda ko ta littafin makaranta da ya cika, a manna da ɗan kunun sitaci ko ƙaro, yara su rubuta lamba 1 zuwa 8. Uba ko uwa su zuba abin ciki a ɓoye. Kowane dare bayan tuwo a buɗe ɗaya, a karanta nassi, a bar yara su yi tambaya, a yi addu'a. Minti goma ya isa.

1. Lahadin Dabino: ɗan ganyen dabino ko kaba (Yahaya 12:12-15). Yaran Kano sun san hawan Sallah, sun ga sarki a kan doki da lema da dogarai. A tambaye su dalilin da ya sa wannan Sarki ya zaɓi jaki.

2. Litinin: tsohon kwabo ko sulen da ya daina aiki (Markus 11:15-17). Ranar da ya kori masu ciniki da 'yan canji daga Haikali.

3. Talata: maɓallan riga guda biyu (Markus 12:41-44). Kakanninmu suna kiran maɓalli anini, sunan ƙaramin kuɗin da aka kashe a zamaninsu. Su ne baikon gwauruwar da Yesu ya yaba.

4. Laraba: 'yar auduga da aka ɗiga wa turare (Markus 14:3-11). Mace ta fasa tulun turare mai tsada saboda ƙauna, almajiri kuma ya tafi neman kuɗi a kan Ubangijinsa. Yara su sansana, su faɗi wanda suke so su zama.

5. Alhamis: gutsuren gurasa da ɗan ƙyallen tsohon tawul (Luka 22:14-20; Yahaya 13:3-15). A garin gurasa muke, ba sai an yi dogon bayani ba. Uban da ya iya, ya wanke ƙafafun 'ya'yansa a daren nan. Ba za su taɓa mantawa ba.

6. Juma'a: ƙaya ɗaya da tsohuwar ƙusa (Markus 15:16-39). In an sami ƙayar kurna ya fi, domin masana tsirrai sun ba kurna suna a harshen Latin mai ma'anar ƙayar Almasihu, bisa tsohon zancen da ake yi cewa da irinta aka saƙa rawanin ƙaya. Itacen nan yana tsiro a ƙasar Falasɗinu kamar yadda yake tsiro a nan.

7. Asabar: farin ƙyalle da tsakuwa ɗaya (Matiyu 27:57-66). Likkafani da dutsen bakin kabari. A daren nan kada a yi dogon magana. A bar yara su ji nauyin shirun.

8. Lahadin Ista: kada a sa kome (Luka 24:1-12). A ba ƙaramin yaro ya buɗe da asuba kafin a fita sujada. Zai ce an manta. A nan ne uba zai buɗe baki.

LAMBU A CIKIN TSOHON FARANTI

Gidan da yake da ɗan fili a bakin taga yana iya ƙarawa da wannan. Yahaya ya gaya mana cewa kabarin a cikin lambu yake (Yahaya 19:41). A samo tsohon tire ko kwanon da ya hude, hudar ma amfani ce, domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. A zuba ƙasa da ɗan taki. A kwantar da gwangwanin madara a gefe, bakinsa yana duban waje, a rufe bayansa da ƙasa ya zama kamar kogo a jikin tudu. A ɗaura gicciye uku da tsinken tsintsiya ko sillen kara da zare, a kafa a kan tudun. A nemo dutsen da zai rufe bakin gwangwanin.

Ranar Lahadin Dabino yara su yafa alkama ko gero a kan ƙasar. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ba sai an taɓa ruwan da aka saya wurin mai kura ba, ruwan wankin shinkafa ya wadatar. Cikin kwana huɗu ko biyar tsiro zai fara leƙowa. Ranar Juma'a da yamma a sa farin ƙyalle a cikin gwangwanin, yara su rufe da dutse. Ranar Lahadi kafin su farka, a kawar da dutsen, a bar ƙyallen a naɗe.

Bisa ƙa'idar da ikilisiya take bi tun bayan taron Nikiya na shekara ta 325, Ista takan faɗo a kalandarmu tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai lokacin fitowar furanni ne bayan sanyi. A Kano kuwa tsakiyar bazara ce, ƙasa ta bushe ƙamas, ciyawa ta ƙone, kowa yana duban gabas yana jiran hadari. Saboda haka ɗan koren tsiron nan a cikin faranti ya fi yin magana a wurinmu fiye da a wurinsu. Yaro ya binne ƙwaya da hannunsa, ya ga ta ɓace, ya ga ta fito da rai. Da wannan misalin Ubangiji ya bayyana mutuwarsa (Yahaya 12:24).

DON ME TARKACE, BA SABON KAYA BA?

Na farko, domin kada a bar kowa a baya. Mun san abin da Ista ta zama a wasu gidajenmu. A fitar da ankon atamfa, a ruga Kantin Kwari, wadda ba ta da hali ta ci bashi ko ta ƙi zuwa sujada don kunya. Mun taɓa rasa wata gwauruwa da 'ya'yanta a sujadar Ista, da muka bincika sai muka tarar ba ciwo ba ne ya hana su, rashin sabon kaya ne. Wannan abin kuka ne, a ranar da aka yi domin matalauta da masu makoki. Fankon ashana kuwa na gidan likita da na gidan mai gadi duk ɗaya ne.

Na biyu, domin wannan hikimar garinmu ce. A Kano abu ba ya mutuwa da wuri. Gwangwani yakan zama fitilar aci-bal-bal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tiyub ya zama guga, gwangwanayen lemo a narke su a zuba tukunya. Wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya ga yadda tsohon ƙarfe yake samun sabon aiki, 'yan gwangwan kuma suna ci da iyalinsu daga abin da muka yar. Mu da muka haura hamsin, wa ya saya mana abin wasa? Da kara da langa-langa muka ƙera motocinmu. Yaranmu suna da wannan basira, sayen kayan roba ne yake kashe ta, robar kuma ta ƙare a magudanar ruwa ta toshe ta da damina.

Na uku, domin halin Ubangijinmu ke nan. Bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara gutsattsarin da suka rage har kwando goma sha biyu, don kada a yi asarar kome (Yahaya 6:12-13). Wanda yake da ikon yawaita gurasa bai yarda a zubar da ɓarɓashi ba. A makonsa na ƙarshe, jakin da ya hau na aro ne, benen da ya ci Jibi na wani ne, kabarin da aka sa shi na Yusufu mutumin Arimatiya ne. Shi kansa an kwatanta shi da dutsen da magina suka yar, ya dawo ya zama mafificin dutsen gini (Zabura 118:22). Mu ma da ya tsince mu, a wane hali muke? Bitrus da ya yi musunsa sau uku bai jefar da shi ba, ya gyara shi ya mai da shi aiki.

Tarihin ikilisiya ma shaida ne. Majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da take Wusasa kusa da Zariya, wadda aka gina a 1929, da ƙasa aka gina ta bisa tsarin ginin Hausa, tana nan tsaye har yau. A birnin Kobentiri na Ingila, jiragen yaƙin Jamus sun ƙone babbar majami'a a daren 14 ga Nuwamba, 1940. Daga cikin toka aka ɗauko katako biyu da suka ƙone aka ɗaure su gicciye, aka kuma haɗa wani gicciyen da tsofaffin ƙusoshi uku na rufin ginin. Gicciyen ƙusoshin nan ya zama alamar sulhu da gafara a ƙasashe da yawa. 'Yan'uwanmu na Katolika da Angilika kuma sukan adana ganyen Lahadin Dabino, a ƙona shi ya zama tokar Larabar Toka ta shekara mai zuwa.

AMSA GA DATTAWANMU

Mun kawo wannan magana a gaban wasu dattawa, sun kuwa yi tambayoyi masu nauyi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, don haka ba za mu wuce su ba.

Wani baba ya ce, "Fasto, iyayenmu sun bar tsafi da ƙyar, kada ka dawo mana da gunki ta bayan gida." Tsoronsa yana kan hanya, musamman ga mu da kakanninmu suka fito daga Maguzanci. Macijin tagulla da Musa ya yi bisa umarnin Allah, da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Saboda haka ga iyaka: kada a ƙera siffar mutum, kada a durƙusa a gaban abin, kada a kunna masa kyandir, kada a ce yana tsare gida ko yana warkarwa. Allo ne na koyarwa. Bayan Litinin ta Ista a wargaza shi a gaban yara, a ba kaji ko akuya tsiron. Wannan ma wani dalili ne da ya sa tarkace ya fi abin saye: ba wanda zai yi sujada ga gwangwanin da ya sha madararsa jiya.

Wata mama ta ce ƙazanta ce da haɗari. Gaskiya ne in an yi sakaci. Kada a tura yaro bola, a tara daga cikin gida kawai, a wanke da sabulu. Uba ya daddake bakin gwangwani da guduma don kada ya yanki hannu. Kada a kusanci mazubin fiya-fiya, ko na maganin ɓera, ko kwalbar maganin asibiti, ko tsohon batir, ko reza. A tabbata ba sauran ashana a cikin fanko. Maɓalli, ƙusa da ƙaya su zauna a hannun babba in akwai mai rarrafe a ɗaki.

Wani ya ce, "Maƙwabta fa?" Yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da Musulmi. A ajiye abin a cikin ɗaki, ba a zaure ko ƙofar gida ba, domin ba don nuna wa kowa aka yi shi ba. Kada a tara 'ya'yan mutane a koya musu ba da sanin iyayensu ba, yadda mu ma ba za mu so a yi wa namu ba. In maƙwabci ya gani ya tambaya, a amsa masa gaskiya cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). A shekarun 2023 da 2024 Ista ta faɗo cikin azumin Ramadan, gidajenmu da yawa sun jira har bayan magariba kafin su aika wa maƙwabta abincin biki, kamar yadda su ma suke aiko mana da naman Sallah. Wannan hali mu riƙe shi.

Game da zomo da ƙwai kuwa, ba mu ce zunubi ba ne. A Turai ta dā ba a cin ƙwai cikin azumin kwana arba'in, sai ya taru, a dafa a rina shi ranar Ista, har yau Kiristocin Girka suna rina shi ja don tunawa da jinin Almasihu. Zomon kuwa tatsuniyar Jamusawa ce. Amma ɗan Kano ya san zomo, ya san ba ya ƙwai. In muka haɗa masa labarin da ya san ƙarya ne da labarin tashin Ubangiji a rana ɗaya, ranar da ya yar da na farko yana iya haɗawa da na biyu.

SHAWARWARINMU

Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikilisiya ta sa a yi sanarwa mako biyu kafin Lahadin Dabino, domin gidaje su fara tarawa. Zumuntar Mata ta ware taro ɗaya a gwada haɗawa tare, a kuma rage nauyin anko a wannan biki. Matasa su kwafe nassoshi takwas ɗin nan a takarda su raba, su kuma je su karanta wa tsofaffin da idonsu ya raunana. Telolinmu su ajiye fararen ƙyallaye. Kada a mai da abin gasa, kada a ba da kyauta ga wanda nasa ya fi kyau, gama da zarar an yi haka kuɗi zai shigo, mai ƙaramin ƙarfi ya sāke komawa baya.

Ku kuma iyaye maza, da ku muke musamman. Kada a ce wannan aikin mata da yara ne. Yaron da bai taɓa jin sunan Yesu daga bakin ubansa ba sai a majami'a, zai ɗauka bangaskiya riga ce ta ranar Lahadi. Minti goma a dare, har kwana takwas. Wanda aikin dare ya hana, ya yi da safe. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ya karanta shi ya bayyana.

KAMMALAWA

A Hausa in an ce mutum fanko ne, zagi ne, wato ba kome a cikinsa. Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azin manzanni da bangaskiyar masu bi duk sun tashi a banza (1 Korantiyawa 15:14). Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita a wurin, kenos, ma'anarta abin da ba kome a cikinsa, wato fanko. Ashe ɗaya daga cikin biyu ne tilas ya zama fanko: ko kabarin, ko bangaskiyarmu. Mun gode wa Allah, kabarin ne. Abin da tsohuwar nan ta ƙasar Rano ta sani ke nan, ta kuma sa shi a tafin hannun jikanta.

Ba mu san inda 'ya'yanmu za su zauna nan gaba ba, ko irin tambayoyin da za a yi musu a makaranta da wurin aiki. Ba za mu bi su ko'ina ba. Amma yaron da ya buɗe fanko na takwas da hannunsa, ya ji ubansa ya faɗa masa dalili, yana da amsar da zai tafi da ita. Saboda haka daga yau, uwargida, in ashana ta ƙare kada ki jefar da fankon.

Ubangiji da ya tashi daga matattu ya kiyaye gidajenmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ba jiharmu Kano da ƙasarmu Nijeriya salama, ya sa 'ya'yanmu su san shi tun suna ƙanana. Barkanmu da Ista. Amin.